Rokar da Na Harba wa Inna

Ba na jin zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Laraba a wani asibiti da ke unguwar Ma'adi a Alƙahira, ranar da aka kama ni dumu-dumu da ƙarya a gaban mahaifiyata da mata bakwai. Kuma ba ƙaramar ƙarya ba. Ni da ko lissafi ban ci ba a jarrabawar gama sakandare, sai ga ni na harba tauraron ɗan'adam ni kaɗai, ina zaune a kan kujerar roba.

Ciwon zuciya ne ya kai mu Alƙahira, ni da Inna. Ni ce auta, ba miji ba makaranta, don haka ni aka ɗora wa jinya ba tare da an tambaye ni ba. Muka sauka a unguwar Abbasiya, gidan Anti Balaraba, matar wani ɗan garinmu Funtuwa da ke karatun addini a can. Da likita ya gama gwaje-gwajensa sai ya ce tiyata za a yi, kuma kada a ja lokaci. Inna ta ce ta ji, amma a ɗan dakata.

Wanda ake dakatawa dominsa shi ne Yaya Nura, ɗanta na fari. Injiniya ne a Amurka, a wani kamfani da ke haɗa wa sojojin ƙasar taurarin ɗan'adam masu gadin sama. Wai da zarar an harbo makami mai linzami daga ko'ina, su za su hango zafinsa su bi sawunsa. (Iyakar abin da ya yarda ya faɗa mini ke nan. In na ƙara tambaya sai ya ce, "Ya jikin Inna?") Ba a ba rukuninsu hutu sai an ɗora na hannunsu a roka an harba, ya isa sama lafiya. Ya yi alkawarin ranar da aka harba, washegari yana cikin jirgi.

To, Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya kira ni ke riƙe wayar, ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Mace irin wannan ba za ta buɗe baki ta ce ɗanta take jira kafin a tsaga ƙirjinta ba. Sai ta ɗora abin a kan tauraro. Kullum da safe, kafin ta haɗiyi magani, sai ta ce, "Auta, an harba abin nan kuwa?"

Ba a harba ba. Da fari an sa rana, aka ɗage wai wani ƙarfe bai iso daga masu ƙera shi ba. Aka sake sa rana, aka ɗage wai na'urar kwamfuta ta ƙi cin gwaji. Ta uku har an kai rokar filin harbawa, iska ta taso a sama aka fasa. Na zama gwanar bin jadawalin harba roka a waya, ina sanin halin gajimaren wani gari da ban san inda yake a taswira ba. Na taɓa ce wa Yaya, "Wai ku da kuke gadin duniya, ashe ko direban tasha ya fi ku cika alkawari?" Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba, ya ce, "Auta, in aka yi gaggawa ya faɗo, aikin shekaru ne ya tafi." Na ce ita ma Inna aikin shekaru ce. Na kashe wayata.

Ana cikin haka ƙafafun Inna suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, aka ba ta gado. Likitan, wani dattijo mai saurin magana, ya tare ni a baranda. Larabcina na kasuwa ne, amma na gane shi sarai. Ya ce ya ajiye mata ranar Alhamis, in ta wuce ba ya da tabbacin jikinta zai ɗauki aikin nan gaba. Ya shiga da kansa ya ce, "Yalla ya Hajja, khalas," wato jiran ya isa haka, a yi. Inna ta yi masa murmushi ta ce mini, "Ki ce masa bayan an harba."

A ranar ne kuma aka sake ɗagewa, wannan karon ma ba a faɗi sabuwar rana ba.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya shaida. Ran Litinin da safe, da ta yi tambayarta, sai na ji bakina ya ce, "An harba, Inna." Da na ga ta zuba mini ido, sai na shiga waya na lalubo wani tsohon bidiyo na wata roka daban, mai wuta da hayaƙi da Turawa suna tafi. Na miƙa mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kalla har ƙarshe, ta ce in maimaita. Sau huɗu. Sannan ta tambaya a hankali, "Cikin masu tafin nan, akwai wanda kika sani?" Na nuna wani baƙi da ya juya baya can ƙurya na ce ga shi nan. (Allah ya yafe mini. Mutumin ma ya fi Yaya ƙiba nesa ba kusa ba.) Na ƙara da cewa jirginsa zai sauka Alhamis da rana, tana farfaɗowa za ta gan shi. Kafin azahar ta dangwala hannu a takardar likita.

Dabarata ta tsaya a nan. Ya kamata in kira Yaya in shigar da shi cikin shirin, amma na san shi, ko a wasa ba ya ƙarya. Sai na zaɓi hanyar da ta fi kowace wauta: na daina ɗaukar wayarsa. Na ce a raina kwana uku ne kawai, in an fito da ita lafiya sai a yi duk faɗan da za a yi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda Inna ta warware. Ta ci abinci. Ta sa na tsefe mata kai na yi mata kitso. Ta aike ni Abbasiya in ciro ƙullin dambun naman da ta ɓoye a ƙasan akwati tun daga gida, ta ce in ajiye kusa, "ko wani zai so." Ta kuma sa Anti Balaraba ta gayyato matan unguwa ran Laraba, a yi mata addu'ar shiga tiyata.

Suka zo bayan la'asar, da dabino da kunun gyaɗa a fulas. Aka yi addu'a aka shafa. Sai Inna, wadda ban taɓa ganin ta yi alfahari da komai ba, ta ce, "Auta, nuna musu abin nan." Na ce caji ya yi ƙasa. Wata ta zaro caja daga jaka. Haka wayata ta shiga zagaye hannu zuwa hannu, ana masha Allah, ana neman mai juya baya.

Daidai nan wayar Anti Balaraba ta yi ƙara. Ta duba ta washe baki. "Ga ɗan halak, matafiyi da kansa." Ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Anti, ina wuni," in ji Yaya. "Lafiya kuwa? Kwana uku Auta ba ta ɗaukar wayata."

"Lafiya lau, injiniya. Ga mu muna kallon aikinku. Kana filin jirgi ne?"

"Wane aiki?"

"Rokar mana."

"Anti, ai ba a harba ba. Abin da nake ta nema in faɗa ke nan, a ba Inna haƙuri. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda."

Sai ga wayata, a hannun wata matar malami, tana ta ƙirge da Turanci, rokar ta tashi, Turawa suka ɓarke da tafi da sowa a cikin ɗakin. Matar ta rasa inda ake kashewa, sai ta tura wayar ƙarƙashin hijabinta, tafin ya ci gaba daga can. Na tsaya riƙe da kofin kunu, ina jin fuskata kamar an watsa mata barkono. Wata ta ce "ma'alish", wato a yi haƙuri, ba tare da ta san wa take ce wa ba.

Inna ba ta kalle ni ba. Ta miƙa hannu, Anti ta sa mata wayar. Ranar ce farkon da na ga ta riƙe waya Yaya yana ciki. Ta ce, "Ka yi aikinka. Allah ya sa a harba lafiya." Ta mayar. Sannan ta ce wa matan, "Ku sha kunun kada ya huce."

Da suka watse na durƙusa gaban gadon, na fara zuba bayani, likita ya ce kaza, ƙafafunki kaza. Ta bari na gama, ta ce, "Na riga na sa hannu, ba zan mai da dattijo ƙaramin mutum ba. Ki mayar da ƙullin nan akwati." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

An yi tiyatar ran Alhamis, ta kuma farfaɗo. Likita ya ce da an ƙara mako da ba a yi ba, kuma na riƙe wannan maganar na yi ta kare kaina da ita. Sai dai daga ranar Inna ba ta sake tambayata ko an harba ba. Da safe sai ta karɓi magani ta haɗiye, ta juya. Sai a lokacin na gane cewa tambayar nan ita ce kaɗai hanyar da take da ita ta yin zancen ɗanta, ni kuma na toshe ta.

Ranar da aka harba na gaskiya, bayan an ƙara ɗagewa sau ɗaya, na kawo mata wayar ana nunawa kai tsaye. Ta kau da kai ta ce, "Bar shi. In ya zo na gan shi."

Ya zo. Ya same ta, amma jikin ya riga ya ja baya. Kwana biyar suka yi tare, yana zaune a bakin gado, tana tambayata ko baƙo ya ci abinci. A na shida ta cika, kuma a Alƙahira aka rufe ta. Yaya bai taɓa tayar mini da maganar ba har yau. Matan Abbasiya ne dai ba su bari ta wuce ba, har na bar garin, Mai Roka suke kirana.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In mutum ya daɗe yana yi miki tambaya ɗaya, ki tsaya ki gane me yake tambaya kafin ki yi gaggawar amsawa. In kuma kin dage sai kin yi ƙarya da sunan wani, to don Allah ki riƙa ɗaukar wayarsa.