Katangar Rumawa a Dir'iyya

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kai surukina yawon ƙafa a Wadi Hanifa. Baba ya gama Umara ne ya biyo ta Riyad don ya ga 'yarsa da jikokinsa, kwana biyar kacal. Shekara bakwai ina auren Rabi, amma har lokacin kallon mai surutu yake min, wanda sa'a ce kawai ta kai shi aikin ofishin jakadanci. Abin yana cin raina. Na ƙudura cewa kafin ya hau jirgi sai ya yarda surukinsa mai ilimi ne.

Kada ku ce ban yi shiri ba. Bidiyo uku na kalla a waya. (Matsalar ita ce ɗaya daga ciki na wani Bature ne da ke tafiya a gefen tsohuwar hanyar ruwa da katangar Rumawa a can ƙasarsu, kaina kuma ya dama su duka wuri ɗaya kamar fura.)

Da hantsi muka baro unguwarmu Ulaisha a mota, lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi. Wurin kuwa ya haɗu! Ruwa na gudu a hanyar da aka jera wa duwatsu, dabino hagu da dama, iyalan Larabawa sun baje darduma suna shan gahawa. Daɗi ya cika ni har ina barin tsoho a baya don sauri, bakina kuma bai huta ba. Rabi ta ja min hannun riga ya fi sau uku, na yi kamar ban ji ba.

Da muka kusa tsohon garin Dir'iyya sai ga wata doguwar katangar ƙasa mai 'yan tagogi masu kusurwa uku. Zuciyata ta ce yau ce ranarka. Na tsaya, na gyara zaman hula.

"Baba, wannan da kuke gani Rumawa ne suka gina ta, tun kafin zuwan Musulunci. Ku dubi yadda ta jure rana da iska. Yanzu ai babu mai iya irin wannan aikin."

(A nan ya kamata in tuna cewa Baba ya yi shekara arba'in yana ginin ƙasa a Zariya. Ban tuna ba.) Ya matsa ya kankari bangon da farce, ya zaro wata ciyawa da ko launinta bai koɗe ba, ya shinshina.

"Rumawa," ya ce. "Ikon Allah."

Ni kuwa na ɗauka yabo ne, sai na ƙara wuta. Na kawo sojoji, na kawo yaƙi, har na nuna wani rami na ce ta nan suke leƙen abokan gaba.

Kawai sai muka ji sallama da Hausa daga sama. Wani dattijo ne cikin kayan ma'aikata yake saukowa daga tsani, hannuwansa duk laka.

"Sannunku da zuwa, Alhaji. Ku yi min haƙuri, na ji ana batun Rumawa. Wagga katanga mu munka gina ta bara, ni da 'yan'uwana daga Maraɗi. Tsohuwar tana can gaba, ita ma mutanen garin ga sunka yi abinsu. Ramin ga ko na wayar lantarki ne, mudir, wato shugaban aikinmu, ya ce a bar shi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Rabi ta juya mana baya, kafaɗunta sai rawa suke. Baba ya miƙa wa mutumin hannu, da lakar da komai, ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na ga Barume da idona. Malam, ya aiki?"

Rabin awa suka yi suna hirar kwaɓin ƙasa da ciyawa, ni ina gefe riƙe da gorar ruwan Baba. Sai a mota Baba ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, na gode, wurin ya yi kyau. Da ka yi shiru ma da na fi ganinsa."

Ya hau jirgi da ra'ayinsa kamar yadda ya zo da shi, har da ƙari. Ni kuma tun daga ranar, kafin in ƙirga wa katanga shekaru, sai na ɗaga kai na tabbatar wanda ya gina ta ba ya sama yana saurarena.