Ƙuri'ar sirri a zauren surukina

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na koya wa mutanen unguwarmu dimokuraɗiyya ba, don har yau in na tuna sai na ji zufa a bayana.

Muna da ƙungiyar taimakon juna a nan Zongo. Tsarinta ba wuya: mai keken ɗinki ya ɗinke maka kayan yara, kai kuma ka kai masa saƙo unguwar Tokoin a kan zemijan ɗinka, wato babur ɗin haya, babu mai fiddo sisi. Da tafiya ta yi tafiya muka haɗu muka sayi babban firigo, wato firji, mai aiki da hasken rana, saboda matan da ke sayar da zoɓo da kunun aya da kifi, waɗanda kayansu ke lalacewa duk ranar da aka ɗauke wuta. Sai aka zo kan inda za a ajiye shi.

Alhaji, dattijon ƙungiya kuma mahaifin matata Binta, ya ce ga zaurensa nan kyauta. Kowa ya ce madalla. Ni ma, a matsayina na sakatare, na miƙe na yi jawabi a kan karamcinsa har aka tafa mini. Amma duk mun san Alhaji na rufe ƙofa da wuri, kuma ba wanda zai iya buga masa gida don ɗaukar roba ɗaya ta zoɓo. Wurin da ya dace shi ne rumfar Maman Safiya, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Sai dai wa zai faɗa? Rumfar ma a jikin katangar Alhaji take, aro ya ba ta.

Nan dabara ta zo mini. Na ce a jefa ƙuri'a a guruf ɗinmu na waya. Na aika saƙon murya mai tsawo, na yi bayani da Hausa, na maimaita da Faransanci, cewa ƙuri'ar ta sirri ce (ban taɓa gwada ta ba, gani na yi a wayar wani). Maman Safiya ta tare ni a hanya ta ce, "Malam, ka tabbata Alhaji ba zai gani ba? Ni nan nake ci da yara."

Na ce, "Wallahi ko ni ba zan gani ba."

Ranar Lahadi muka taru a zauren don jin sakamako. Na karanta: rumfa ta yi rinjaye da nisa. Alhaji ya gyaɗa kai. Ina shirin rufe taro sai Musa mai zemijan, wanda yatsansa ba ya zama wuri ɗaya, ya ce, "Sakatare, mene ne wannan a ƙasa? Na danna sai ga sunaye."

Kafin in ce uffan Alhaji ya ce, "Karanto mana, Musa."

Sunana ne na farko a cikin waɗanda suka zaɓi rumfa. (Ni na fara jefawa, don in nuna misali.) Musa ya karanta shi da ƙarfi, ya dube ni, ya ce, "A'a, ba kai ka yi jawabi ba?" Ga surukina, mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, wanda nake durƙusawa in gaishe shi, yana zaune taku kaɗan daga inda nake. Na kafa wa tabarma ido. Da aka zo kan sunan Maman Safiya na ɗago kaɗan, na ga ta ja mayafi ta rufe baki. Wannan ya fi nawa ciwo, don maganata ta yarda da ita.

Musa ya ci gaba, sai ya tsaya a kan wani suna. Alhaji ya ce, "Wa kuma?"

"Hajiya."

Daga bayan labule matarsa ta amsa, "E, ni ce. Duk wanda ya buga ƙofa, kai za ka tashi ko ni?"

Sai Alhaji ya fashe da dariya har hularsa ta karkace, jama'a suka bi shi. Da ya natsa ya ce gobe a kai firigo rumfa, kuma shi zai ƙara kwano a rufinta don kada ruwan sama ya taɓa shi. Ya juya ya ce, "Maman Safiya, rumfa taki ce, ki saki ranki." Sannan ya dube ni.

"Malam, ƙuri'arka ba ta dame ni ba. Jawabin nan ne. Har na sa an ɗauka a waya na aika wa ƙanena a Kumasi."

Da aka watse na bi Maman Safiya na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma in daina rantsuwa da tsakar rana. Binta kuwa ta yi sati tana gaishe ni da "ranka ya daɗe, shugaban hukumar zaɓe".

Ban san abin da zan saka wa dattijon nan da shi ba. Da ya ɗaure fuska a ranar, da ƙungiyar ta watse, da wata baiwar Allah ta rasa wurin sana'a saboda bakina. Shi ne ma ya kawo shawarar a ci gaba da ƙuri'a a waya, sunan kowa a fili, kuma haka muke yi har yau. Ni dai darasina shi ne, kada in ƙara rantsuwa a kan maɓallin da ban taɓa dannawa ba. In kuma zan saɓa wa surukina, na kan fara zuwa da goro in gaishe shi, sannan in koma gida in danna.