Kofi Uku na Filasko

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, a Jugu, shekarun da Faransawa suka tafi, mu uku ne a zaure: ni, gwaggona Ladi, da tukunyar filasko, ganyen wanke ciki. Kwana tara ke nan ban zagaya ba tun naman layya. Likita a Paraku ya ce in aka kai Juma'a sai wuƙa, shi ne na zo wurinta.

Ta ce, "Kofi ɗaya, ɗan nan, kuma ka zauna gida."

Ni mahauci ne, wa zai koya mini hanji? Kuskure na farko, na shanye uku. Na biyu, na hau kamiyo, babbar motar Paraku, domin ban taɓa fashin kasuwa ba.

Na uku ya zo da kansa. Sau shida na tsayar da direba, sau shida na ruga gonar doyar mutane. Wata tsohuwa mai goro ta miƙo mini butarta, ta ce, "Sannu, mai naƙuda."

Alhamdulillahi, wuƙa ba ta taɓa ni ba. Amma har yau direbobin tasha in sun hango ni sai su ce, "Baba, a tsaya?"

Don Allah, in ka san jikokin tsohuwar nan, ka yi musu godiya. Butarsu tana wurina.