Tabki a kan soro

Allah ya yafe mini, da hannuna na toshe indararon soronmu. Zamanin mulkin soja ne a Filinge. Na sayi sabon keke, indararon kuwa daidai inda nake jingine shi yake zuba. Na cusa tsumma, na shafe da laka.

Matata ta ce, "Maigida, ruwan fa ina za shi?"

Na ce, "Akwai indararon baya. Ruwa ba wawa ba ne."

Ashe wajen gaba rufin ya karkata. Ruwan farko na sauka ya taru, ƙasar rufi ta jiƙe, ta rufto cikin tuwon surukina da ya zo daga Tabla. Keken ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Har yau in hadari ya haɗo, surukin kan aiko: "A tambayo mini mai tabki, kifin ya isa ci?"