Masarar Turai a Gonar Bakin Titi

Ba zan taɓa mantawa da masarar nan ba, ko da na so in manta, domin mutanen garinmu Tsiga ba za su bari ba.

Na yi shekara biyu ina karatun kwamfuta a Budapest. Da na gama, kafin in dawo gida, na ce ni ma sai na yi abin da na ga yaran Turawa suna yi, wato su goya ƙatuwar jaka, su yanki tikitin jirgin ƙasa na kwanaki, su yi ta yawo gari gari su kaɗai. Na tsara zan je Vienna, sannan Prague, in ƙare a Krakow. Na sayi jakar da ta fi ni faɗi, da wata hula mai baki kamar malafa (har yau ban san abin da ya kai ni ba), na kama hanya.

Gaskiya na ba idona abinci. Fadojin sarakuna, coci-coci masu tsini, titunan dutse da suka girmi kakan kakana. Ina kwana a ɗaki mai gadaje takwas da mutanen da ban sani ba, ina fama da burodi da kifin gwangwani, amma a hoto sai ka rantse gwamnati ce ta gayyace ni. Ƙannena suna ta yabo a waya. Baba kuwa, da aka nuna masa hotona a gaban wata fada, tambaya ɗaya ya yi: su mutanen nan ina suke noma?

Tambayar ta tsaya mini a rai. Gara in faɗa muku tun yanzu, ni ne ragon gidanmu. Tun ina yaro, hantsi yana ɗagawa ciwon ciki yake kama ni a gona. Yaya Sale, babban wanmu, shi ne manomi, ni kuwa ɗan boko. Baba bai taɓa hana ni karatu ba, amma bai taɓa neman shawarata a kan komai ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

To, ranar da na bar Vienna, don in more kallo, na hau ƙaramin jirgi mai tsayawa a kowace tasha. Ta taga na hango ta. Masara ce iya ganinka, ta bushe a tsaye, tsawonta ɗaya kamar an aske ta, kowace da goyo kamar damtsena. Nan take na ga kaina a gaban Baba ina miƙa masa abin da Yaya Sale bai taɓa kawowa ba. Jirgi na tsayawa na dire, a wata tashar da ko mai sayar da ruwa babu.

Na yi tafiyar kusan awa guda da jaka a baya kafin in sami wata dattijuwa a kan tarakta. Turancinta kaɗan ne, yarensu kuma ban san ko gaisuwa ba, amma da nuni da rantse-rantse ta gane masara nake so. Ta tambaye ni ko ina da shanu. Na ce a'a, ina mamakin abin da ya kawo maganar shanu. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce in ɗiba. Na fitar da rigar sanyi da takalmi ɗaya na bar mata, na danƙara masara ashirin a jakar.

Haka na ƙarasa yawon tarihin Turai da masara a baya. A Prague, mutane na tsaye suna jiran tsohon agogon garin ya buga, ni ina lissafin buhuna. A Krakow mai gadin wani gidan tarihi ya buɗe jakar, ya dubi masara, ya dube ni, ya rufe ya miƙo mini kayana. (Kada ku tambaye ni yadda ta wuce filin jirgin sama. Da an ƙwace ta a can, da an yi mini gata.)

Na iso gida ana tsakiyar kaka. Na baje ta a gaban Baba a zaure, ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, na ga idonsa ya yi haske. Yaya Sale ya ce a fara gwada layi biyu a bayan gida tukuna. Na ce masa gwaji na wanda bai ga uwar masarar da idonsa ba ne. Baba ya ce a ba ni rabin gonar bakin titi. Gonar nan ita ce alfaharinsa. Duk mai zuwa kasuwa ta gefenta yake bi, kuma shekara da shekaru da masararta ake misali a garin. Ranar ce ya fara ɗaukar maganata a kan ta Yaya Sale, na kwana ina jin kaina a sama.

Duk ranin nan ban bar kowa ya huta ba. A majalisa, a shagon mai shayi, har a gidan gaisuwa, labarin masarar Turai nake yi. Waɗanda suka roƙi iri na ce su yi haƙuri sai baɗi.

Damina ta sauka, aka shuka, aka zuba mata taki har da wanda aka ware wa dawa. Ni kuma na tafi Kaduna neman aiki. Bayan 'yan makonni Yaya Sale ya kira ni ya ce masarata ta fid da kai, alhali ta kowa ba ta ko yi niyya ba. Ya ƙara da cewa ya kamata dai in zo in gani da idona. Ni da na ji ta riga ta kowa, ban tsaya tambayar komai ba.

Ranar Juma'a na taho, daga tasha na zarce masallaci, da hular nan tawa a hannu. Ana idar da salla na fara tara jama'a, na ce a zo a ga noman zamani. Baba ya riƙo hannuna a hankali ya ce, "Ka fara zuwa gida ka sha ruwa mana." Na ce masa ai yanzu za mu dawo. Mutane kuwa suka biyo ni da saurinsu, har da masu barin baburansu. Na ɗauka sha'awa ce. Na manta gonar a bakin titi take, kowa ya riga ya gani, ni kaɗai ne baƙo.

Muka sha kwana, na ga masarar Yaya Sale a rabin gonar, kore shar, ta wuce kaina. Ina gaba ina bayanin yadda Turawa ke tazarar shuka, sai masarar ta ƙare, na fito fili. Na tsaya ina neman tawa, ashe a cikinta nake. Iyakarta gwiwata. Ta fid da kai, ta yi goyo kamar ɗan yatsa, ganyen duk ya yi tsatsa, ita a ganinta ta gama aikin bana.

Sai Malam Idi, maƙwabcinmu na gona, dattijo mai magana a sanyaye, ya durƙusa ya shafa ɗaya ya ce, "Ɗan nan, su Turawan a zaune suke karyarta?"

Dariyar da aka yi har masu wucewa a mota sun waiwayo. Ni dai ba dariyar ce ta kashe ni ba. Baba na hango can baya, ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sandarsa, a gonar da bai taɓa jin kunyar tsayawa a cikinta ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya malamin gona ya yi mini bayani. Masarar ta saba da doguwar ranar can, a nan zafi da gajeriyar rana suka sa ta gaggawa, kuma irin wannan ba a mayar da 'ya'yansa ƙasa, kuma yawanci ma shanu ake noma wa. Ni da na yi shekara biyu ina kukan tsawon yini a can, ban taɓa kawo wa raina masara ma tana lura ba. Yaya Sale ya cusa wake a wurin don kada a tashi a tutar babu, bai ce mini ci kanka ba. Amma shekarar ce ta farko da na ga an auno masara a kasuwa an kawo gidanmu.

Da kaka Baba ya ce in kawo jakar tafiyata. Ya juye duk abin da aka samu a ciki, har da sauran wuri. Ya miƙo mini ya ce, "Riƙe abarka. Halinku ɗaya, hantsi na yi ta tashi daga aiki."

Har yau jakar na rataye a ɗakina. Yanzu in na hango abin sha'awa ta tagar jirgi, hoto nake ɗauka in gyara zama. In kuma maganar gona ta taso a zaure, ni ne mai zuba shayi.