Yanar da Ke Jikin Gilashi

"...da gajiya kuma? Wannan wane irin miji ne, amarya ta shigo ko ɗago kai bai yi ba?"

"Amaryar da ke warin maganin tari? Na sake ki tun bara, takardar ce ban samu mai kaiwa ba."

Mai Agogo na zaune gaban akwatin gilashin kififiyarsa, jikarsa mai aiki a kemis tana tsaye a kansa. Shekara arba'in yana gyaran agogo, kuma kowace safiya da zanen rawaya na wuyan kififiyar yake gwada idonsa. Goma sha ɗaya ne. Wata uku ke nan suna dusashewa, yau ko ɗaya bai gani ba. Tsoro ya cika shi, har ya kulle akwatin aikinsa ya mayar wa mutane agogunansu. Cikin wasa ya gaya mata wai yanar ido ta rufe masa gani, ta nemi wani mijin.

Ta leƙa akwatin kififiyar, ta kankari gilashin da farce. Wani farin ɓawo ya zubo.

"Tsoho, ni ma ban ga komai ba. Ko makanta gado ce, daga jika take hawa?"

"Rufa mini baki. Abin da babba ya hango..."

"Yau dai babba ko ƙadangare bai hango ba."

Ta sa kififiyar a baho, ta zubar da ruwan, ta jiƙa tsumma da ruwan kal mai tsami ta manna a gilashin. Ta ce gishirin ruwan famfo ne ke bushewa yana daskarewa. Shi kuwa ya ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, mai sayar da ƙwaya za ta yi aikin likitan ido. Sai ya ji ɓawon yana tsuwwa, yana ƙananan kumfa. Ya matso yana saurare. Ta kankare da tsohon katin banki, ta ɗauraye har sau huɗu don kada tsamin ya taɓa dabbar, sannan ta zuba sabon ruwa ta mayar da ita ciki.

Kififiyar ta nutse, ta juyo, ta miƙa wuya. Mai Agogo ya matso har hancinsa ya taɓa gilashi. Ga zanen nan ɗaya bayan ɗaya, ga ƙananan farata, ga wani jan ɗigo bayan ido da ya manta da shi. Leɓensa na motsi, yana ƙirga zanen.

"Ikon Allah. Goma sha biyu."

"Ka ce sha ɗaya ne."

"Ashe har da ido lafiya ban gama ganinta ba." Ya share ƙwalla yana dariya, ya kwance agogon hannunsa ya miƙa mata. "Kin ci. Ga sadakinki, na mayar da ke. Miƙo mini makullin akwatin aikin can."