Rasuwar Magatakarda, Injin Sitika na Siton Alhaji Hamidu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai zogi tun daga yatsu har kafaɗa, Malam Sharafaddeen ɗan Malam Lukmanu, mai kula da shigar kaya da fitarsu a siton Alhaji Hamidu da ke kan hanyar bakin iyaka a nan Illela, yana sanar da 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako, da duk wanda yake da kwali a cikin siton, rasuwar abokin aikinsa, injin buga sitika wanda aka fi sani da Magatakarda. Marigayin ya cika ranar Talata bayan azahar, a kan teburinsa, yana tsakiyar aiki, bayan jinyar wata biyu. Ya rasu yana da shekara huɗu da 'yan watanni a duniya.

An haifi marigayin a birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Ya iso Illela a cikin kwantena, a matse tsakanin kwalayen filas da na fitilun sola, bai san kowa ba, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Girmansa bai wuce na kwanon awo biyu ba. Da 'yan dako suka gan shi dariya suka yi.

Sharafaddeen bai yi dariya ba, domin ya san abin da ya sha kafin zuwansa. Kayan da ake aikowa daga Sin duk kamarsu ɗaya: kwali ruwan ƙasa, rubutun Sinanci a gefe, babu mai iya cewa ga na wane, ga abin da ke ciki. Sai an ɗauko takardar da kamfanin ya aiko, an bi lambar kowane kwali, an gano kayan da ke ciki da mai su da garin da za su. Sannan a rubuta, har sau uku: da boko saboda mutanen Sakkwato da Gusau, da Faransanci saboda na Ƙonni da Tawa, da ajami saboda 'yan dako, waɗanda yawancinsu shi suke karantawa. Saboda kyan hannunsa Alhaji Hamidu ya roƙo Sharafaddeen daga zauren makarantar mahaifinsa, aka ce wata shida zai yi. Shekara uku ya yi yana durƙushe gaban kwalaye da maka, alƙalamin rubutu a kwali, a hannu, har warin tawadar ya hana shi jin ɗanɗanon abinci.

Sai ga Magatakarda. Cikin mako biyu Sharafaddeen ya koya masa harsunan nan uku, har da ajamin, ta hanyar kwamfuta. Tun daga ranar marigayin bai taɓa rubuta sunan wani a kan kayan wani ba, sai a ciwon ajali. Ba ya gajiya, ba ya neman hutun cin abinci, ba ya tsoma baki a rigimar direbobi. Wanda ya zo da kwali ɗari biyu da matar da ta zo da kwali biyu, sitika iri ɗaya yake ba su. Maganarsa kaɗan ce. Idan aka kunna shi da safe zai ce "tiit", alamar ya tashi lafiya. Idan aiki ya kankama sai a ji "zirr, cak, zirr, cak". Idan takarda ta ƙare yakan yi "tiit tiit" sau biyu cikin ladabi, ya jira.

Babban alherin da ya yi shi ne ya sa Sharafaddeen ya fara tunanin fita. Tunda injin yana rubuta harsuna uku da kansa, kowa zai iya zama a gabansa. Sharafaddeen ya koya wa Latifa, ƙanwar Alhaji mai karɓar odar 'yan kasuwa ta waya, yadda ake shigar da lambobi, ta kuwa ƙware. Ya nemi gurbin karatun malanta a Sakkwato, abin da ya daɗe yana so, ya samu. Alhaji ya yarda. An tsayar da ranar tafiya, Juma'ar da za a rufe rajista, har ya sayi jaka.

Ciwon ya fara ne da wani siririn farin layi da ke ratsa kowace sitika daga sama zuwa ƙasa. Ba a ɗauke shi komai ba. Layin ya zama biyu, ya zama huɗu, har lamba takwas ta fara fitowa kamar uku. A haka kwali goma sha biyu na kofunan tangaran na Hajiya Ruƙayyatu ta Gusau suka tafi Argungu, ita kuma aka kai mata takalman roba. Ta bugo waya ta yi magana mai tsawo, marigayin yana kan tebur yana ji.

Aka kira Bashar mai gyara. Ya buɗe murfin, ya goge da auduga, ya hura, ya daɗe yana dubawa.

"Mi ya same shi?" in ji Sharafaddeen.

"Kan nai ya ƙone, Malam. Wanga ba gyara shika so ba, sabon kai shika so."

Sabon kan yana cikin wata kwantenar Alhaji a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A lokacin an rufe iyaka da Nijar, an rufe ta can wajen Binin ma, kwantenar ba ta gaba ba ta baya. Aka ji labarin wani mai shago a Ƙonni yana da irinsa. Ƙonnin da a da ake zuwa a dawo kafin shayi ya huce, sai da aka yi kwana tara kafin a samu mai babur da ya yarda ya bi ta gonakin ƙauyen Araba ya kawo. Bashar ya gwada shi ta kowace fuska. Ya fi ramin tsawo da kamar faɗin ɗan yatsa.

Duk da haka marigayin bai kwanta ba. Kuma a daidai wannan lokaci ne kwantena uku da suka biyo ta Legas suka iso rana ɗaya. Siton dama a cike yake da kayan mutanen Nijar da suka kasa ƙetarawa, an jera su har rufi. Babu inda za a sa sababbin sai a hanya. 'Yan dako suka yi ta shigowa da kwalaye dubu ɗaya da ɗari huɗu marasa suna, filin da tirela take juyawa a da ya koma lungu, lungun ya koma wata 'yar hanya da mutum ɗaya ke bi a karkace. Teburin Sharafaddeen yana can ƙarshenta. Ba a fitar da kwalin da ba a san mai shi ba, ba kuma a isa ga na baya sai an fitar da na gaba.

Ranar Talata Magatakarda ya buga sitika ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowace sai an kai ta kusa da ido kafin a karanta. A ta gaba ya rubuta "Haj", ya tsaya. Ya yi wani dogon "zirrr" da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, babu "cak" a ƙarshensa. 'Yar koriyar fitilarsa ta koma ja, sannan ta mutu. Sharafaddeen ya kashe ya kunna har sau bakwai. Latifa ce ta ce masa, "Malam Sharafu, bar shi haka nan. Ya tahi."

Bayan la'asar Alhaji Hamidu ya shigo ta 'yar hanyar nan, babbar rigarsa tana jan kwalaye hagu da dama. Ya tsaya ya duba marigayin. Sannan ya ciro kwalin maka guda daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Alhaji, Juma'a za a rufe rajista."

"Na sani, Sharafu. Wallahi na sani. To mi za mu yi? Latifa ba ta ajami, ba ta Faransanci. Kayan mutane na. Ka fidda min su, sannan ka tahi, ni da kaina zan kai ka."

Sharafaddeen ya je wurin mahaifinsa yana fatan a ce masa ya tafi. Malam Lukmanu ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Da anka ba ka makullin wurin, ka karɓa?" Ya ce ya karɓa. Malam ya ce, "To amana ta."

Hannun mutum, in ya yi ƙoƙari, kwali tamanin yake rubutawa a wuni. Juma'a ta zo ta same shi a kan na ɗari huɗu da hamsin, har da waɗanda marigayin ya buga. Ya fita masallaci, ya ga motocin Sakkwato suna lodi a tasha, ya dawo ya durƙusa inda ya tsaya.

Marigayin ya bar mata ɗaya, kwamfuta, wadda har yanzu in aka taɓa ta sai ta aika masa aiki, ta dawo tana cewa ba ta same shi ba. Ya bar marayu, naɗi sittin na farar sitika da ko ɗigo ba a rubuta musu ba. Ya bar ƙannensa biyu, sikeli da abin jan salatif, dukansu suna nan da rai amma ba su iya rubutu ba. Ya kuma bar Sharafaddeen.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu. Malam Lukmanu ya ja kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka za a naɗe mamacin a buhu kawai. Da yake ƙofar baya a toshe take, ta gaba kuma 'yan dako suna fitar da kayan Gusau, za a miƙa gawar ta tagar sama, Bashar ya karɓa daga waje ya kai ta shagonsa, inda za ta kwanta a kan kanta ta biyu tare da sauran waɗanda suka riga ta.

Mai makoki ba zai samu raka gawa ba. Zai karɓi gaisuwa a inda yake, daga safe zuwa magariba, har ranar da hanya ta buɗe. Ana roƙon masu zuwa su shigo ɗaya bayan ɗaya, kada a kawo goro ko abinci, baƙar maka ta fi amfani. Wanda ya tarar Sharafaddeen bai ɗago kai ba kada ya ɗauka raini ne. Ya yi ta'aziyyarsa a tsaye, a taƙaice, kuma don Allah kada ya jingina da kwalayen, na saman ba su zauna daidai ba.